Neman Mutum na Biyar

Malam Badruddeen bai taɓa neman kujera ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas tsakanin Jos da Kano, har gwiwarsa ta hagu ta gaji da taka kuloci, ya ajiye makulli ya koma zaman tasha, inda direbobi ke kawo masa rigimarsu ya raba. Da gwamnati ta kafa hukumar da za ta riƙa sa ido kan harkar sufuri a jiha, doka ta ce cikin mutum tara da za su zauna, ɗaya ya fito daga ƙungiyar direbobi. Ƙungiya za ta miƙa suna uku, gwamna ya ɗauki ɗaya, majalisa ta tantance shi. Manya biyu ne ke son kujerar, kowanne da mutanensa, sai aka saka sunan Malam Badruddeen a na uku don kawai takarda ta cika. Da rigimar manyan ta yi zafi har aka yi jifa da benci a ofishin ƙungiya, aka ga ɗaukar ɗayansu fitina ce, sai aka ɗauki na ukun.

Ranar tantancewa ya sa sabuwar shadda ruwan toka, wadda matarsa Kubra ta matsa masa sai da ya ɗinka. Mako guda ya yi yana shirya abin da zai faɗa: ramukan hanya, direbobin da ke kwana biyu ba su runtsa ba, tayoyin da ake shigo da su bayan sun gama aiki a wata ƙasa. Aka kira shi gaban 'yan majalisa, aka tambaye shi sunansa da unguwarsu. Ya ce Tudun Wada. Wani ya ce mahaifinsa ya sha shiga motarsa zuwa Zariya, aka yi dariya, aka ce ya rusuna ya tafi. Ko minti uku bai yi ba. Ya fito da jawabinsa a ciki, bai faɗa ba.

Ofishin hukumar ɗaki biyu ne a saman wani tsohon bene. A nan ya fara ganin Madam Kaneng, sakatariyar hukumar, ma'aikaciyar gwamnati ce da ta kusa ritaya. Ba ta da ƙuri'a, amma duk takarda a hannunta take. A zaman farko ta miƙe ta karanta musu dokar da Turanci, sannan ta juyo ta maimaita wa Malam Badruddeen da Hausa, ba tare da ya roƙa ba.

"Baba, wa'adinku shekara huɗu ne. Ba a zama sai mutum biyar sun hallara. Wanda ya ƙi zuwa sau uku a jere ba tare da uzuri ba, kujerarsa ta faɗi. Wanda kuma yake da hannu a maganar da ake tattaunawa, ko shi ko iyalinsa, zai tashi ya faɗa, ya fita, kuma ba za a lissafa shi cikin biyar ɗin ba."

Ya ce, "To ai da sauƙi. Mu tara ne."

Ta dube shi ta saman tabarau.

Shekarar farko kuwa tara ɗin suke cika, har da masu ɗaukar hoto. Daga nan aka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Wani Allah ya yi masa rasuwa. Wani ya sami muƙami a Abuja. Wani ya ajiye kujera ya tafi neman takarar ƙaramar hukuma. Wani malamin jami'a kuwa bai ce ya bari ba, bai kuma zo ba, har Madam Kaneng ta ƙirga masa uku ta rubuta masa wasiƙa. An tura sunayen waɗanda za su maye gurbinsu, amma sunayen suka kwanta a tsakanin wannan ofis da wancan, yau a ce majalisa na hutu, gobe a ce ana jiran sa hannu. Kafin shekara ta uku ta raba, mutum biyar cif suka rage. Ciyaman, Injiniya Datong, tsohon injiniyan hanya mai fama da ciwon suga. Barista Hussaina, lauya. Cif Emenike, mai sayar da kayan gyaran mota, wakilin 'yan kasuwa. Wani darakta daga ma'aikatar ayyuka. Sai Malam Badruddeen. Idan ɗaya ya yi mura, zama ya watse.

A cikin wannan hali maganar gangaren Kasuwar Kabeji ta taso. Hanya ce da ke saukowa daga wajen masu fasa dutse, ta miƙe tsaye kamar an zubo ta, sannan ta yi kwana daidai inda mata ke baza kabeji da karas da dankalin turawa. Wata Talata da hantsi birkin wata tifa ya tsinke da lodin tsakuwa. Ta kwashe Keke Napep guda da direbansa da fasinja ɗaya, ta bi ta kan wata mai sayar da tumatir, sannan katanga ta tare ta. Malam Badruddeen ya isa wurin kafin a janye motar. Ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga fatar birkin ta cinye har ƙarfe, ya ga bututun iska an ɗaure shi da robar taya. Ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe sai ya tarar da wata mata doguwa tsaye a kansa, zanenta duk ruwan tumatir. Yael ce, shugabar matan kasuwar. Wadda ta rasu ƙanwarta ce.

Ta ce, "An ce kai ɗan hukuma ne."

Ya ce, "Haka aka ce."

"To me za ku yi?"

A nan ya yi abin da ya daɗe yana da-na-sani a kai. Ya yi mata alkawari.

Aikin bai yi wuya ba. Shi da Injiniya Datong suka auna gangaren, suka rubuta shawara mai layi uku: tifa mai lodi ba za ta sauko ta nan ba daga bakwai na safe zuwa shida na yamma, ta bi hanyar bayan gari, a duba birkin kowace tifa duk wata uku, a sa ma'aikata biyu a saman gangaren. Abin da ya rage mutum biyar su zauna su ɗaga hannu, ta zama doka. Sau goma sha ɗaya Madam Kaneng ta sa maganar a ajanda. Sau goma sha ɗaya suka zauna su uku ko su huɗu, suka sha shayi, suka kalli ƙofa, ciyaman ya duba agogo ya ce an ɗage. Kuma kowa da takardar uzurinsa, don haka kujerar kowa ba ta faɗi ba. Duk ranar da Malam Badruddeen ya bi ta kasuwar, Yael takan ɗago kai daga kan kabejinta ta ce, "Baba Direba, yaya?" Shi kuma ya ce, "Ana nan ana yi." Daga baya ya fara zagayawa ta wata hanya.

Yanzu ga shi wa'adinsu zai ƙare ranar Juma'ar ƙarshen Agusta. Madam Kaneng ta sa zama na ƙarshe ranar Alhamis.

Ran Litinin ya hau benen ya same ta tana jan tebur daga inda rufi ke ɗiga.

Ta ce, "Baba, na tura wa kowa takardar gayyata. Amma ka sani, na sani, takarda ba ta ɗauko mutum daga gidansa."

"Idan Alhamis ta wuce fa?"

"Sai sabuwar hukuma. A nemi sunaye, a zaɓa, a tantance, a rantsar. Wata shida in an yi sauri. Ni kuma watan Maris zan ajiye aiki."

Ya ce, "To ni zan ɗauko su."

Ya fara da Daɗin Kowa, gidan ciyaman. Bas biyu ya shiga, ya ƙarasa da keke. Ya sami Injiniya Datong a falo, ƙafarsa ta dama naɗe da bandeji an ɗora ta a kan kujera, ga bargo a cinyarsa saboda sanyin damina. Matarsa ta kawo ruwa ta ajiye da ɗan ƙarfi, don ta san abin da ya kawo baƙon.

Ta ce, "Malam, likita ya ce kada ya taka ƙafar nan. Matakala ashirin da biyu ce a ofishinku, na ƙirga."

"Na sani, Mama. Ni ma da gwiwa nake ƙirga su."

Injiniya ya yi murmushin gajiya. "Malam, ka gaji, na gaji. Ko mun ɗaga hannu, kana ganin za a sa ma'aikatan? Shekara talatin da biyar na yi ina rubuta shawara. Da za a tara su da sun cike wannan falon."

"Ranka ya daɗe, ban san abin da za a yi bayan mun ɗaga hannu ba. Abin da na sani, hannun ne namu. Ka ba ni awa ɗaya. Zan kawo mota har ƙofa, kuma ƙafarka ba za ta taɓa matakala ba."

Injiniya ya dubi matarsa. Ta ɗauke kai. Ya ce, "Awa ɗaya."

Ran Talata ya tare a bencin ƙofar darakta tun tara na safe. Aka ce yana taro. Aka ce ya fita ta baya. Aka ce ya dawo yana cin abinci. Malam Badruddeen ya je ya yi azahar ya dawo ya zauna inda ya tashi. Wajen ƙarfe uku daraktan ya fito da waya a kunne, ya gan shi, ya ɗan ji kunya.

"Baba, ai da ka kira ni."

"Na kira, ranka ya daɗe. Sau shida."

"To, zan zo. In dai ba a tura ni wani wuri ba."

"In an tura ka, ka ce musu akwai wani tsoho da zai kwana a ƙofar ofishinka."

Darakta ya yi dariya, amma ya ga tsohon ba dariya yake yi ba, sai ya rubuta ranar a tafin hannunsa.

Barista Hussaina ba ta ba shi wahala ba. Ta ce tana da shari'a da safe, amma sha biyu za ta same su ko da rigar kotu ce a jikinta.

Ya bar Cif Emenike sai ƙarshe, don shi ne wanda bai taɓa shakka a kansa ba. Shekara ashirin da biyar suna tare. Tun Malam Badruddeen na kan hanya a shagonsa yake sayen kaya, kuma Emenike ne mutum ɗaya a layin da zai ce maka, wannan jabu ne, kada ka sa a motar da ke ɗaukar mutane. Da suka haɗu a hukuma kujerunsu ma kusa da juna suke. Amma ran Laraba da ya shiga shagon, Cif bai tashi ya rungume shi ba kamar yadda ya saba, bai aika a kawo lemo ba. Yana ta jera kwalayen fulogi da aka riga aka jera.

"Cif, gobe ne fa."

"Na sani, Malam. Zan zo."

"Lafiya dai? Ko jikin Madam ne?"

"Madam yana lafiya. Zan zo, na ce maka."

Malam Badruddeen ya fito yana jin wani abu a ransa, amma ya danne. Mutum ya ce zai zo, me kuma ake nema?

Da ya koma gida bayan magariba, Kubra ta dafa ruwan zafi ta gasa masa gwiwar da tsumma. Ta kumbura ta yi suntum.

Ta ce, "Malam, kai kaɗai aka rantsar ne? Kwana uku kana yawo kamar mai raba goron biki."

"Gobe ne ƙarshe, Kubra."

"Allah ya sa. Ni dai na ƙosa in ga ranar da za ka ci tuwo ba ka ambaci tifa ba."

Ran Alhamis aka tashi da ruwa, irin mai sauka a hankali ya wuni bai ɗauke ba. Malam Badruddeen ya karɓi aron motar wani tsohon abokin aikinsa, ya tuƙa da kansa, karo na farko cikin shekara shida. Duk canjin giya sai ya cije leɓe. Ya ɗauko ciyaman daga Daɗin Kowa, matarsa ta biyo su da lema da jakar magani. A gindin bene ya samo ƙarti biyu daga masu lodi a tasha, suka ɗora Injiniya a kujerar roba suka hau da shi, yana riƙe da hularsa yana cewa a yi a hankali.

Cif Emenike ya riga su zuwa, yana zaune a kujerarsa da jar hularsa a kan tebur. Barista Hussaina ta shigo sha biyu da kwata, ruwa na ɗiga daga mayafinta. Darakta ne ya tsayar musu da numfashi. Sha biyu da rabi ta wuce, ɗaya saura kwata ta yi. Malam Badruddeen ya tsaya a taga yana kallon titi har ya hango shi yana tsallake kwata da fayil a ka.

Madam Kaneng ta ƙirga su da bakin biro, a fili, kamar mai tsoron kada ɗaya ya ɓace. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ciyaman, zama ya halatta."

Malam Badruddeen ya buɗe da addu'a, Cif ya rufe da tasa, kamar yadda suka saba. Aka karanta rahoton zaman baya aka amince. Injiniya Datong ya gyara tabarau ya ce, "Magana ta gaba, gangaren Kasuwar Kabeji. Kowa ya karanta, ba sau ɗaya ba. Ina ganin ba sai mun..."

"Ciyaman."

Cif Emenike ne ya miƙe. Bai dubi kowa ba, hularsa yake kallo.

"Ciyaman, ina da magana kafin a ci gaba. Yarona Nonso ya sayi tifa biyu watan Mayu. Yana ɗauko tsakuwa, yana bi wannan hanya. Sunan kamfanina ne a takardan motan. Doka ya ce in faɗa. Na faɗa."

Ruwa na ta ɗiga a cikin bokitin da aka tara a kusurwa. Biron Madam Kaneng ya tsaya a sama, bai taɓa takarda ba.

Malam Badruddeen ya ɗaga mata hannu. Ya ce, "Madam, dakata, kada ki rubuta." Ya juya ga abokinsa. "Cif, zauna. Don girman Allah zauna. Ai ba don amfanin kanka za ka ɗaga hannu ba, kanka za ka cuta. Dokar nan an yi ta ne don kada mutum ya ja wa kansa riba. Kai hasara za ka ja wa ɗanka. Wa zai ce ka yi laifi? Wa ma ya sani?"

"Sun sani, Malam."

"Su wa?"

"Masu tifa. Sati biyu da ya wuce sun zo shagona, su uku da lauya. Ba su ce kar in zo ba. Sun ce in zo, in zauna, in ɗaga hannu, in yi shiru. Na yi mamaki. Sai Nonso ya gaya mini dalili. Ranan da doka ya fita, za su kai kotu da takardan motan, su ce wanda yana da hannu ya zauna a ciki."

Duk suka juya ga Barista Hussaina. Ta cire tabarau ta murza idanu.

Ta ce, "Baba, gaskiya ya faɗa. Idan ya zauna, suna da hujja a hannu. Kotu za ta iya dakatar da dokar, kuma muddin shari'a na gaba, sabuwar hukuma ma ba za ta taɓa maganar ba. Shekara uku, huɗu, Allah kaɗai ya sani. Idan ya fita, maganar tana nan da ranta a kan tebur, waɗanda za su zo su same ta."

"Waɗanda za su zo yaushe?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"To mu huɗu mu ɗaga hannu. Ciyaman ya ɗaga biyu."

"Ciyaman yana da ƙuri'a ta biyu ne idan an yi kunnen doki, Baba. Ba ya zama mutum biyu."

Malam Badruddeen ya dubi Cif. "Tun watan Mayu. Jiya na zo shagonka. Ka bar ni na ɗauko mara lafiya cikin ruwa, aka hau da shi bene kamar buhun masara. Me ya hana ka gaya mini?"

"Kunya, Malam. Kuma ina ta tunani ko akwai hanya. Har yau da safe ban san wanda zan yi ba." Ya ɗauki hularsa. "Na ce Nonso ya cire sunana, ya ce canja takarda yana ɗaukan wata biyu. Kuma ko ya cire, ɗana ne. Ka yi haƙuri."

Ya fita. Suka ji takunsa a matakala har ya ɓace.

Madam Kaneng ta ce a hankali, "Ciyaman, mutum huɗu."

Injiniya Datong ya daɗe yana kallon bandejin ƙafarsa. Sannan ya ce ta rubuta cewa an ɗage maganar saboda rashin cikar adadi, ta kuma rubuta cewa mutum huɗun da ke wurin suna roƙon hukuma mai zuwa ta sa ta a farkon ajandarta. Ya ce a kawo ya sa hannu. Darakta ya duba wayarsa ya ce ana nemansa. Aka kira ƙartin nan biyu suka sauko da ciyaman. A hanyar komawa Daɗin Kowa matar Injiniya ta ce a rufe gilashi, iska na shiga.

Washegari Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Malam Badruddeen ya bi ta Kasuwar Kabeji. Ya yi niyyar ya tsara maganar yadda za ta yi daɗin ji, amma da ya tsaya a gaban Yael sai ya faɗa mata yadda abin ya faru, tiryan-tiryan, har da cewa daga yau shi ba ɗan hukuma ba ne.

Tana yanke ruɓaɓɓen ganye daga jikin kabeji, ba ta tsaya ba. Ta ce, "Wato mutum biyar sun zo, amma ba su cika biyar ba."

"Haka ne."

"Ni ban yi makaranta ba, Baba Direba. Wannan lissafi ya fi ƙarfina." Ta jefa ganyen a kwando. "Mun ja tirenmu baya taku uku tun bara. Bayan nan kuma katanga ce."

Ya ce, "Na yi miki alkawari ban cika ba. Shi na zo in faɗa."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi sosai. "Kai dai ka zo ka faɗa. Je ka huta da ƙafar nan, tun daga nesa na ga kana ɗingishi."

Yana tsaye wata tifa ta sauko da lodi, birkinta na kuka. Matan suka yi shiru, kowace ta bi ta da ido har ta sha kwana, sannan ciniki ya ci gaba.

Satumba ta wuce, Oktoba ta shiga, ba a naɗa kowa ba. Madam Kaneng takan buɗe ofis da safe ta rufe da yamma, ita kaɗai. A ƙungiyar direbobi an fara sabuwar rigima kan suna ukun da za a miƙa, Malam Badruddeen ya ce kada wanda ya sa nasa, ko don cike takarda. Sau huɗu Cif Emenike ya kira shi bai ɗauka ba. In yana bukatar wani abu a layin masu kayan mota, sai ya aika.

Wata Asabar da la'asar yana zaune a ƙofar gida ya miƙe ƙafa, sai ga Cif ya sauko daga keke, ya tsaya nesa kaɗan kamar baƙon da bai tabbata gidan ba ne.

"Malam, in zo ko in koma?"

Malam Badruddeen ya dube shi. Sannan ya matsa gefe a kan bencin. Cif ya zauna. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Madam, aka tambayi Hajiya Kubra, aka tambayi kasuwa. Kubra ta leƙo, ta ga ko wane ne, ta koma, can sai ga shayi kofi biyu.

Cif ya ce, "Na zauna da Nonso. Mun yi faɗa sosai, uwansa har ya yi kuka. Na ce muddin sunana yana kan motan, ba zai sauka ta kasuwa da rana ba. Bayan gari zai bi. Ya ce mai zai ƙaru, sawu zai ragu, sauran za su yi masa dariya. Na ce su yi. Sati uku ke nan yana bi bayan gari. Birki kuma ni da kaina nake dubawa."

"Tifa nawa ke bin gangaren nan, Cif?"

"Sun ce arba'in da ɗaya."

"Naka biyu."

"Biyu."

Malam Badruddeen ya kurɓi shayi. Ya so ya ce biyu ba komai ba ne, ya so kuma ya ce an gode, sai ya ga ko wanne ya faɗa ba zai zama gaskiya duka ba.

Cif ya ce, "Akwai wani Alhaji Isa, yana da guda biyar. Yana sayen kaya a wurina. Ni ba zai ji maganata ba, zai ce ina neman abokin hasara. Amma an ce kai ka koya masa tuƙi."

"Isa Dogo? Shekara biyu yana bina Kano kafin in ba shi sitiyari. Kansa da tauri."

"Yana garejinsa ran Litinin da safe."

Malam Badruddeen ya shafa gwiwarsa. Ya tuna nisan garejin, da hawan da ke gabansa, da yadda Isa ke magana ba ya sauraro. Gajiya ta sauko masa tun daga wuya har tafin ƙafa.

Ya ce, "Ba zan hau keke ba. In kana so, ka zo da mota."

"Ƙarfe nawa?"

"Tara. Kuma in ya fara surutunsa, kai za ka yi shiru, ni zan yi magana."

Aka kira sallar magariba. Cif ya shanye sauran shayinsa ya miƙe, Malam Badruddeen ya dafa bango ya tashi a hankali, ya ce a miƙo masa buta.